Ɓatan Gilashin Asali

Da hantsi rahoton ya iso ofishin 'yan sanda, wai an yi sata a sashen ilimin duwatsu na jami'a. Sufeto ya ɗauki Saje suka tafi, yana tsammanin kwamfuta ce ko janareta. Da suka isa sai aka ja masa wata durowa cike da 'yan gilasai sirara a jere, aka nuna masa gurbin guda ɗaya da babu komai a ciki.

"A kan wannan aka taso mu?" in ji Saje.

Farfesa, shugaban sashen, dattijo ne mai furfura, tabaraunsa a saman goshi. Ya yi wa Saje kallon da ake yi wa ƙuda a bakin kofi.

"Gilashin asali ne. A kansa akwai ƙwanson wata halittar teku da ido ba ya gani, dainofilajelet muke ce mata. In ruwa ya ɓaci takan yi wa kanta ƙwanso ta kwanta a ciki, ita ta mutu, ƙwanson ya saura a cikin dutse shekaru aru-aru. Ni na gano wannan iri, ni na raɗa masa suna. Duk mai gardama a kan irin, wannan gilashi zai duba. Babu na biyunsa a duniya."

"Ranka ya daɗe, wa kake zargi?"

"Ba zargi nake ba, na sani. Dakta ce, ɗalibar da na raina da hannuna. Ta tashi a gaban jama'a ta ce na yi kuskure. An kira masana daga waje su zo su duba gilashin, ta ga asirinta zai tonu, ta ɓatar da shi. Na riga na sa an dakatar da ita."

Yana magana yana taɓa aljihun ƙirjinsa, inda gidan tabarau ya yi tudu.

"Yaushe rabonka da ɗakin nan?"

"Tun da aka yi mini aiki a idon hagu ban leƙa na'ura ba. Likita ya hana."

Sufeto ya zagaya ɗakin. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Ga na'urar duba ƙananan halittu mai tsada a kan tebur, an lulluɓe ta da rigarta tsaf. Ɓarawon ya tsallake duk wannan ya zari gilashi ɗaya cikin ɗaruruwa, ya kuma mayar da durowa a hankali. Ɓarawo mai ladabi haka, ai ɗan gida ne.

Mai kula da ɗakin, wanda kowa ke ce wa Kawu, yana raɓe a bakin ƙofa yana murza hula.

"Kawu, su wa ke da makulli?"

"Ni da Dakta da Farfesa, yallaɓai."

"Wa ya shiga jiya?"

"Dakta kaɗai. Wallahi ita kaɗai."

"Ban ce ka rantse ba."

Kawu ya saci kallon ofishin Farfesa, ya sunkuyar da kai. Ran Sufeto ya sosu. Ya sha ganin irin wannan, babba ya yi ɓarna, a tara ƙanana su yi masa shaidar zur suna rawar jiki.

Dakta tana zaune a kan benci a baranda, jakarta a cinya, don an riga an karɓe mata ofis. Ɗalibai na wucewa suna kawar da kai kamar ba ita ke koyar da su ba. In aka tabbatar da satar nan a kanta, aikinta ya tafi, kuma babu jami'ar da za ta sake ba ta makullin ko da banɗaki.

"Mene ne rigimarku?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ƙofa ce, yallaɓai. Kowane ƙwanso yana da ƙofar da halittar ke fita, kuma da wurin ƙofar ake sanin gidan da za a sa shi, wato danginsa. Kowane iri suna biyu gare shi, na gida da nasa na kansa. Baba ya rubuta cewa ƙofar wannan a gefe take. Na duba na sake dubawa, na ga ƙwanson ne ya naɗe. Ƙofar a sama take."

"Baba?"

"Farfesa. Haka muke ce masa." Ta gyara jakarta a cinya. "Akwai wani tsohon iri mai ƙofa a sama, tun kafin a haife mu aka sa masa suna. In iri biyu suka zama ɗaya, tsohon suna ke tsayawa, sabon ya faɗi. Shi kuwa sunan mahaifiyarsa ya sa wa nasa. Ina faɗin maganar ƙofa a taron sashe ya miƙe ya fice, ban kai ga maganar ƙayoyin da ke jikin ƙwanson ba. Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Jiya kin yi aiki da na'urar?"

"Na yi, na rufe ta da yamma."

Suka koma ɗakin tare. Sufeto ya ce ta ɗora wani gilashin mai ɗauke da irin ƙwanson, yana so ya ga abin da ake rigima a kai. Ta ɗora, ta sunkuya, sai ta ɗago da sauri.

"Wani ya taɓa ta. Wurin leƙawa biyu gare ta, dubi zoben na idon hagu, an murɗe shi har ƙarshe. Kowa da yadda yake saita ta daidai idonsa. Ni a haka hazo kawai nake gani."

Ta kai hannu za ta gyara, Sufeto ya tare ta. "Bar shi yadda yake."

Ya leƙa da kansa, idon dama tar, na hagu dishi-dishi. Ya sa Saje ya leƙa, haka. Ya kira Kawu, shi ma ya ce bai ga komai da hagu ba, gumi na keto masa. Wato ɓarawon bai iya tafiya da gilashin ba sai da ya zauna ya ƙare masa kallo.

Sufeto ya aika Saje ya roƙi Farfesa ya taimaka ya zo.

"Ranka ya daɗe, ni jahili ne a wannan fanni, kuma dole in rubuta rahoto. Dakta ta ce ƙayoyin wannan ƙwanson a toshe suke. Haka zan rubuta?"

Farfesa ya ja tsaki. "Ita me ta sani?" Ya ture kujera ya sunkuya, ya manna idanunsa biyu, hannayensa a bayansa. "A toshe ina? Ga su nan da rami a ciki, bakinsu a buɗe kamar mazurari. Ga ɗaya can ma ya karye a gindi."

"Ka gan su sosai ke nan? Da ido biyu?"

"Tar nake ganinsu."

"Mu huɗu muka leƙa, ba wanda ya gani da hagu sai kai, kuma ko zoben ba ka taɓa ba. Kai da ka ce likita ya hana ka leƙa na'ura."

Kawu ya durƙusa a wurin. "Yallaɓai, bayan tafiyarta ya shigo. Shi ya ce in na faɗa, a bakin aikina."

"Tun safe tabaraunka na goshi," in ji Sufeto, muryarsa ta fara tashi. "Me ke cikin gidansa da kake ta taɓawa? Fito da shi."

Farfesa ya fito da gidan tabaraun. Gilashin na ciki, an naɗe shi a ƙyallen goge tabarau, ko ƙwarzane babu.

"Na so in fasa shi, na kasa," ya ce a hankali. "Na duba jiya, gaskiyarta ce, ƙofar a sama take. Tsohuwata wanki ta yi ta yi wa mutane har na yi karatu. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, sai wannan suna a littattafan duniya. Shi ne za a goge ina raye?"

"Sai ka goge na 'yar mutane?" Sufeto ya buga tebur. "Tana ce maka Baba! Ka sa aka dakatar da ita, ka sa tsohon nan rantsuwar ƙarya, ka kira mu da bakinka mu zo mu sa mata ankwa. Ita ba ta da uwa ne?"

Farfesa ya kawar da kai.

Dakta ta share ido da bakin mayafinta. "Baba, da ka zauna ranar nan ka ji ƙarshen magana. Ƙayoyin tsohon irin a toshe suke, naka kuwa bakinsu a buɗe yake, yadda ka faɗa yanzu a kan wancan. Ba iri ɗaya ba ne. Gida kawai zan sauya masa. Sunan gida ne zai canza, sunan Inna yana nan daram, haka ƙa'ida ta ce. Kai ka koya mini ita."

Farfesa ya dube ta, bakinsa a buɗe. Ya laluba kujera bai same ta ba, sai Saje ya riƙe masa hannu.

"Ana tuhumarka da sata da ba da rahoton ƙarya," in ji Sufeto. "Saje, mu tafi da shi."

Aka fita da shi ta barandar da aka zaunar da Dakta tun safe, ɗalibai sun yi cirko-cirko. Sufeto ya miƙa mata gilashin ya ce ta tabbatar shi ne, kafin ya shiga cikin kayan shaida. Ta ɗora shi a kan na'urar, ta mayar da zoben hagu daidai idonta, ta daɗe a sunkuye.

"Shi ne," ta ce, ba ta ɗago ba. "Don Allah, yallaɓai, a ba shi tabaraunsa a can. Ba ya gani sosai da hagu."