Mai Karɓar Burushi

Auta tana gyara falo ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe kaɗan ta leƙa. Saurayi ne dogo, sanye da rigar shagon kayan lantarki, da kwali a hammata.

"Sannu da gida. Injin zuƙe ƙurarku a shagonmu aka saya. Kamfani ya ce a mayar da burushinsa mai juyawa, wayar cikinsa tana ɗaukar zafi, tana iya kamawa da wuta. Sabo za a ba ku kyauta."

Ta ƙare masa kallo. Idonsa bai yi kama da na macuci ba, amma ita ba a yi mata wayo da murmushi.

"Kyauta? A zamanin nan?"

Kafin ya amsa Baba ya fito. "Ba ma bayarwa. Kama hanya."

Da Baba ya rufe ƙofa, saurayin ya tura katinsa ta ƙarƙashinta ya tafi.

Injin tsarabar ɗan kawunta ne, wanda ya daɗe yana sonta ita kuwa tana kakkaucewa. Da ya ji labari sai ya taɓe baki.

"Damfara ce, Baba. Leƙen gidajen mutane suke yi."

Auta ta yi niyyar kama saurayin da kanta. Ta tura masa saƙo: "Ka faɗi gaskiya, me kake nema a gidanmu?"

Ya amsa: "Ba sai kin ba ni ba. Ki cire shi ki ɓoye kawai. Ni dai kada hannunki ya ƙone."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta cire burushin ta cilla shi saman kabad. Washegari ta bi ta shagon kamar mai neman ƙwan fitila, ta tarar da burusan da aka karɓo jibge a kwana. Ya ɗago ya ganta.

"Jami'ar bincike, kin gamsu?"

"Da saura," ta ce, tana danne dariya.

Daga nan hira ta ƙullu. Yana ce mata Autar zuciya, tana ce masa Mai Burushi. Sai wata rana suna zaune a bencin ƙofar shagon, wayarsa ta yi haske a gabanta: "Maigidana ya fita, ka zo yanzu." Ta miƙe ta tafi.

Saƙonsa ya biyo ta: "Autar zuciya, tsohuwa ce, mijinta irin Baba ne, ya hana ta bayarwa. Zo mu je tare ki gani."

Ta kife wayarta. Ɗan kawu kuma ya riga ya kai wa Baba labarin bencin, Baba ya ce kada ya sake jin zancen yaron a gidansa.

Ana cikin haka Umma ta ga burushin a saman kabad, ta mayar da shi jikin injin ta jona abinta tana share kafet. Auta tana kicin ta ji ƙauri. Ta fito a guje ta fizge wayar daga bango. Kafet ya ci wuta, yatsun Umma sun sale.

Baba ya nufi shagon yana huci, Auta na biye. Manaja ya saurare shi har ya gama.

"Baba, wanda ya sayi injin muka fara kira. Shi ya ba mu adireshinku, ya ce kada mu ambaci sunansa, wai za a raina tsarabarsa."

Nan Baba ya gane ɗan kawu ya yi masa ƙarya. Lokacin ne wata tsohuwa ta shigo da burushi a leda tana kiran, "Ina ɗana? Yau na samu na sato shi!"

Auta ta sunkuyar da kai. Mai Burushi ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ya hannun Umma?"

"Da sauƙi. Ka yafe mini."

"Ai ban riƙe ki ba."

Baba ya yi gyaran murya. "Yaro, ka turo manyanka. Amma ka sani, sai na yi bincike."

Ya yi binciken kuwa, har ɗinkin rigar yaron sai da ya duba, bai samu abin kushewa ba.

Ranar da aka ɗaura aure, Umma ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da zargin juna."

Baba ya juya yana goge ido, ya ce amin.