Tunkiyar Layyar Inna

Ina da difloma a kiwon lafiyar dabbobi, amma ba na jin kunyar faɗa cewa yau ina tsoron farar tunkiya.

A shekarar 1998 wasu masu bincike suka ɗauke ni aikin yanko musu guntayen kunnuwan tumaki, wai za su kwafi halittarsu, su sauya ta domin gwajin magani. A ƙauyen Kimba na yanki kunnen wata farar tunkiya ban nemi mai ita ba, na jefa a kwalba, na nufi Jega bayan magariba.

Babur ɗina ya mutu a tsakiyar wani garke. Tumaki ne kusan ashirin, farare, ba kuka, ba warin dabba, numfashinsu yana fita lokaci guda. Wata tsohuwa ta sha gabana.

"Kai ɗan boko marar ta-ido! Wadda ka yanke wa kunne tunkiyar layyata ce. Wa ka yin layya da mai yankakken kunne? Guda nike kiwo, duba abin da ka jawo min!"

Na haska tocila. Kowacce tana ɗauke da yankan da na yi da hannuna, jini yana ɗiga.

"Cikinsu wacce ce tawa?"

Bakin tsohuwar a rufe yake. Tumakin ne suka tambaya.

Na ajiye kwalbar a ƙasa, raina yana tafasa da waɗanda suka aiko ni, na ɗaga murya: "Inna, ga abinki. Wallahi na bar aikin nan. Mai son kunne ya zo da kansa ya yanka!"