Tsinken da Ya Karkace

Ranar da Mai Firji, wani saurayi mai gyaran firji, ya fara ganinta, tana durƙushe a ƙofar makarantar firamare tana tsince-tsince a ƙasa, leɓenta yana zubar da jini.

Yara suna kiranta Anti Sanyi. A gida take markaɗa kankana da mangwaro da ayaba, ta daskarar a ƙananan kofuna da tsinke a tsakiya, ta kawo a kula lokacin tashi. Ba ta sa sukari, ba ta sa kala. Wanda ya fasa mata baki shi ne Jan Baki, mai sayar da daskararren ruwan sukari da ke rina wa yara harshe. Ya ga iyaye mata sun fara jan 'ya'yansu zuwa wajenta, sai ya hamɓare mata kula. Da ta tambaye shi dalili, ya kifa mata mari. Mutane suna tsaye suna kallo, kamar yadda suka saba.

Mai Firji yana wucewa ne a kan babur, da tukunyar gas ɗaure a baya. Bai tambayi ba'asi ba. Ya sauka, ya shaƙo wuyan rigar Jan Baki, ya buga shi da katanga. Jan Baki ya kai masa naushi a ido, shi kuma ya rama da goshi, har sai da masu gadi suka shiga tsakani.

Ya ƙaraso wajenta yana haki, ya ce ta bar na ƙasan, ai sun lalace.

"Na sani," ta ce. "Tsinkayen nake kwashewa, kada yara su taka."

Guda ɗaya ta rage a kula. Ta miƙa masa, ta nuna idonsa da ya fara kumbura.

"Ta sha ce ko ta magani?"

"Fara da idon. Abin da ya rage na bakinka ne."

Daga nan firjin gidansu ya kama ciwo iri-iri, ko kuma shi ne ya riƙa gano masa ciwo. Yakan zauna a ƙofar kicin da akwatin kayan aikinsa, ya kwance abin da bai lalace ba, yana kallon yadda take aiki. Takan wanke kayan da tafasasshen ruwan da ya huce, ta cire 'ya'yan kankana ɗaya bayan ɗaya. Ayabar da ta nuna sosai ita ce sukarinta, takan matsa mata lemon tsami kada ta yi baƙi. Mangwaro kuwa da yogot take haɗa shi. Ba ta cika kofi, domin ƙanƙara tana kumbura. Tsinke ba ya shiga sai abin ya fara kamawa, shi ya sa nata kullum a miƙe suke.

Ta gaya masa ɗiyar yayarta ce ta sa ta fara, yarinyar da haƙoranta suka ruɓe tun ba ta shiga aji ɗaya ba. Ta kuma gaya masa dokarta guda: abin da ya narke ba ya komawa firji, ko nawa ne, kwata za ta sha.

Ya ce asara ce. Ta ce 'ya'yan mutane ne.

Yana kiranta Sanyin Idona. Ita kuma tana kiransa Baƙin Hannu, saboda man inji da ba ya barin farcensa. Da safe yakan rubuto mata:

"Sanyin Idona, na gyara firji uku jiya, babu wanda ya kai ki sanyi."

Ita kuma ta mayar:

"Baƙin Hannu, ka wanke hannu kafin ka taɓa waya. Saƙonka har ƙamshin gas yake."

Mahaifinta mahauci ne, mutum mai nauyin hannu da gajeren zance. Labarin faɗan ƙofar makaranta ya riga saurayin isa kunnensa. Wata rana ya dawo da wuri, ya tarar da shi a ƙofar kicin ana dariya. Mai Firji ya durƙusa ya gaishe shi. Amsar gaisuwar mari ne, wanda ya kai shi jikin randa. Tsohon ya ɗaga akwatin kayan aikin ya yi jifa da shi kan titi, sifana da sukudireba suka watse cikin kwata.

Ya ce ba zai ba ɗan dambe 'yarsa ba, wanda ya daki mutum a titi zai daki mace a ɗaki. Umma, mahaifiyarta, ta buɗe baki za ta ce ai saboda 'yarsu aka yi faɗan, ya daka mata tsawa ta koma ciki. Irin waɗannan iyayen suna da yawa: da duka suke nuna ba sa son mai duka, kuma ba sa jin kunya.

Ba a daɗe ba firjin ya mutu da gaske, ga mai gyara an hana shi gidan. Sai Anti Sanyi ta riƙa kai kofunanta shagonsa, yana ajiye mata a babban firjin da ke bayan kanta, ya kawo mata su ƙofar makaranta.

A ƙarshen wani mako aka kira shi aiki wajen gari. Yana tafiya aka ɗauke wuta, aka yi yini biyu ana zafi kamar gidan burodi. Da ya dawo ya buɗe firjin, ya tarar komai ya zama ruwa, na mangwaro da yogot har sun ɗan fara tashi. Ya tuna yadda ta yini tana cire 'ya'yan kankana. Ya tuna fuskarta ranar marin. Shi mai gyaran firji ne, a tunaninsa babu abin da sanyi ba ya gyarawa. Ya tayar da janareta, ya rufe murfi. Ya ɗauka soyayya ya yi. Ha'inci ya yi, ko da kuwa da kyakkyawar zuciya.

Ranar makaranta ya iso da kular daidai lokacin da aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka yanyame ta, ta yi ta miƙawa ba ta dubawa. Sai a kan ta ƙarshe ta lura tsinken ya kwanta gefe, mangwaron kuma ya taru a ƙasan kofi.

Ta dube shi. "Me ya karkatar da wannan?"

Ya ce jijjigar babur ce. Ta yarda, domin bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Washegari yara da dama ba su je makaranta ba. Amai da gudawa, wasu har asibiti ana ƙara musu ruwa. Jan Baki ya samu abin da yake jira. Ya bi layi-layi yana cewa dama ya faɗa, wa ya san abin da take zubawa da yara suka haukace a kanta? Kafin azahar mutane sun cika ƙofar gidan mahaucin, shi kuwa yana kasuwa.

Dutse na farko ya fasa tagar falo. Wasu matasa suka ɓalle ƙofar, suka jawo kularta da bilenda da kofuna, suka farfasa a tsakiyar titi. Wata uwa da ɗanta ke kwance a asibiti ta cafko Anti Sanyi ta fizge mata ɗankwali, ta yakushe ta a kumatu. Umma ta samu ta ja ta cikin banɗaki ta sa sakata. Daga can Anti Sanyi ta rubuta wa Mai Firji:

"Suna ƙofarmu, za su kashe ni. Ba na neman ka zo. Abu ɗaya nake tambaya, don Allah. Ta narke?"

Yana shago ya karanta. Babu wanda ya gan shi ranar da ya tayar da janareta. Da ya yi shiru, da maganar ta mutu a kanta, ita da sana'arta da sunan gidansu. Ya rubuta kalma ɗaya, "Eh," ya hau babur.

Ya ratsa taron ya hau dakalin ƙofar gidan. Ya ce su saurara: a shagonsa kayan suka narke, shi ya sake daskarar da su, ita ba ta sani ba, da ta tambaya ma ƙarya ya yi mata. Wanda yake da hakki ya nema a wajensa.

Suka nema kuwa. Aka fizgo shi daga dakalin. Jan Baki ne ya fara sauke masa katako a kafaɗa, sauran suka bi da ƙafa da dutse. Bai rama ba, shi da ya buga mutum da katanga kwanakin baya. Ya rufe kansa da hannu, aka ji hannun ya yi ƙara. Jini ya rufe masa fuska, ya daina motsi, ba su daina ba.

A haka mahaucin ya iso, da rigar aiki a jikinsa, wani maƙwabci yana gaya masa abin da ya faru tun daga bakin layi. Bai zare wuƙa ba, bai buƙata ba. Ya damƙi katakon a hannun Jan Baki, ya murɗe, ya tura shi cikin kwata. Sannan ya tsaya a kan yaron, ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

"Ya faɗi laifinsa da bakinsa," ya ce. "A cikinku wa ya taɓa yin haka? Wanda bai ƙoshi ba ya zo ta kaina."

Babu wanda ya zo. Shi ya saɓa shi a kafaɗa kamar yadda yake saɓa cinyar saniya, ya kai shi asibitin da yaran suke.

Allah ya taimaka, yaran duka suka warke. Anti Sanyi kuwa ba ta je duba shi ba. Ya yi ta aiko da saƙo da hannun hagu, tana karantawa tana ajiyewa. Wanda ta amsa ɗaya ne:

"Dukan da ka sha ba ni ya biya ba. Je ka nemi iyayen yaran."

Ya tafi, da hannu rataye a wuya, gida-gida. Wasu suka rufe masa ƙofa, wata ta watsa masa ruwan wanke-wanke, da yawa suka yafe. Uwar da ta yakushi Anti Sanyi ita ce ta fara zuwa gidan mahaucin ta ba da haƙuri, ta kuma tambaya yaushe za a dawo da ta kankana, yaronta ya hana ta sakat. Jan Baki bai sake samun mai saye a ƙofar makarantar ba, ya tattara ya bar unguwar.

Mahaucin da kansa ya aika a kira Mai Firji. Ya zo ya durƙusa daga nesa, inda hannu ba zai kai ba. Tsohon ya ajiye masa akwatin kayan aikinsa a gaba, an wanke sifanun tas.

"Firjin gidan nan ya mutu," ya ce. "In ka gama gyarawa, ka turo manyanka."

A ƙofar kicin ya same ta tana yanka mangwaro, tabon farce yana nan a kumatunta. Ya ce, "Sanyin Idona." Ba ta ɗago ba.

"In ta sake narkewa fa?" ta ce.

"Ni zan zubar da hannuna."

"Wane hannun? Ɗaya ya rage maka, Baƙin Hannu."

Da aka cire masa filasta aka ɗaura aure. Yaran makarantar suka cika gidan biki, amarya ta sa aka raba musu ta kankana da ta mangwaro, wadda ta haɗa da kanta, ango ya kula da wutar firji. Mahaucin, wanda ba a taɓa gani da abin yara a hannu ba, ya karɓi guda. Ya ɗaga ta ya duba tsinken, ya ga a miƙe yake, sannan ya kai baki.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku 'ya'ya masu haƙora."

Umma ta ce amin, yaran ma suka ce amin da bakinsu cike.