Injin Hagu

"Ka rantse min ba ka tashi da jirgin nan gobe!"

Daso ta tsaya a gabansa, ta tare masa hanyar babur. Lirwanu ya kau da kai. Idanunsa sun yi jawur, rigar aikinsa fara ta yi daƙal-daƙal, da gani ka san rabonsa da cikakken barci har ya manta.

"Masoyiyata, saurara…"

"Ba ni saurare! Kai da bakinka kac ce injin hagu na zubad da mai!"

Shi ɗan Bodinga ne, matuƙin jirgin sama a wani ƙaramin kamfani, Tsuntsun Rima, mai jigila tsakanin Sakkwato, Kaduna da Legas. Tun da aka shiga tsuke bakin aljihu kayan gyara suka daina shigowa, aka sallami rabin matuƙa, waɗanda suka rage kuwa ake ta wahalar da su ba hutu. Lirwanu ne kaɗai mai bakin cewa a gyara.

Sai dai so hana ganin laifi, ya kuma hana tunani. A makon jiya, yana dawowa da jirgi ba fasinja, ya ce bari ya gai da Daso. Ya yi ƙasa-ƙasa a kan rugarsu ta Kajiji. Ita dai ta ji daɗi, har da ɗaga mayafi. Shanun mahaifinta ne ba su fahimci soyayya ba. Suka watse, wata saniya mai ciki ta faɗa kwazazzabo ta karye, dole aka yanka ta.

Ya'u, ɗan ƙanin mahaifinta, wanda ta daɗe da cewa ba ta yi da shi, bai yi sanya ba. Ya hau mota har filin jirgi ya kai ƙara.

"Manaja ya kira ni," in ji Lirwanu a hankali. "Yac ce in yi shiru da zancen inji, shi ko shi yi shiru da zancen shanu. In na ƙiya, shi kai ni ga hukuma su amshe lasin ɗina."

"Su amshe!"

"Daso… in babu aikin ga, mi zan nuna ma mahaihinki? Da ma cewa shikai ba ya ba da ɗiya tai ga wanda ƙahwatai ba ta taka ƙasa. Yanzu ga saniya, ga rashin aiki…"

Hawaye suka zubo mata. Tsoro take ji, tsoro na gaske.

"Gara in rasa aurenka da in rasa ka, Lirwanuna. Taho mu tahi wurinai."

"Yanzu?"

"Yanzu!"

Malam Arzika, mahaifin Daso, yana zaune a gindin ƙirya yana tufka igiya, Ya'u a gefensa. Lirwanu ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa.

"Allah shi ba ka nasara, Baffa. Ni na nat tuƙa jirgin da yak kashe maka saniya."

"Na sani," tsohon ya ce, bai ko ɗago ba.

"Ai na hwaɗa maka, Baffa," Ya'u ya cafe. "Gobe ma korar shi za a yi, sai in…"

"Sai in mi?" Malam Arzika ya juyo. "Ina kas san wanga zance?"

Ya'u ya fara inda-inda. Daso, da ke tsugune a bayan dangwalin ɗaure maruƙa, ta manta da kunyar ɗiya a gaban uba, ta zayyana komai: man da ke zuba, rashin barci, da cinikin da manaja ya kawo. Ba ta tsaya ba sai da ta kai aya.

Tsohon ya ajiye igiyar.

"Yaro, mutum nawa jirgin ga ka ɗauka?"

"Sun hi ashirin, Baffa."

"Kuma ka san ba shi da lahiya?"

"Na sani."

"Mu nan, saniya in tana ɗingishi ba mu kora ta mashekari neman kiwo, ko da ciyawa ta ƙare. Kai ko ɗiyan mutane za ka ɗora ma gurgu don ka samu tawa ɗiya?"

Lirwanu ya sunkuyar da kai.

"Saniya na yahe maka, ƙuruciya ta. Amma in kat tashi da jirgin nan gobe, ko ka sauka lahiya, kar ka sake tako rugag ga. In ko kaƙ ƙiya, turo magabatanka."

Daso ta toshe baki da mayafi don kada kukanta ya fito.

Washegari Lirwanu ya shiga ofishin manaja ya ce ba zai tashi ba. Manaja bai yi ƙarya ba, ya cika alkawarinsa, lasin ya tafi.

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Suka tare a Bodinga, ango yana noman albasa a fadamar mahaifinsa, hannuwan da suka saba da sitiyarin jirgi duk sun yi kanta.

Daso takan kai masa abinci gona. Duk sa'ad da jirgi ya taso daga Sakkwato ya bi ta kansu, sai Lirwanu ya tsaya cak, fartanya a hannu, ya bi shi da ido. Ba ta taɓa katse shi ba. Sai ƙarar ta ɓace take cewa:

"Maigida, tuwo na hucewa."