Awa Ɗaya Daga Korhogo

A tashar motar Adjamé suka fara haɗuwa. Jidda ta kawo ɗinkin da za ta aika Bouaké, hannun jakarta ya tsinke, Sa'ad ya duƙa ya taya ta kwashe atamfofin. Da ta ɗago ta yi godiya, sai ya manta motar da ya zo nema.

Wata shida suna tare, sannan aka mai da shi aiki filin jirgin saman Korhogo, can arewa.

Da maganar aure ta taso, Hajiya Delu, mahaifiyar Jidda, ta ce sam.

"Ina unguwar nan ta Treichville aka ce uwata ba lafiya a Maraɗi. Kwana uku na yi a hanya, na tarar an rufe ta. Ba zan aurar da ke nesa ba. Ga Mansur nan bayan gidanmu."

Jidda ta ce, "Maman, a jirgi awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Bai cika kilomita ɗari biyar ba."

"A bakinku ne awa ɗaya."

Sa'ad ya turo saƙo: "Jiddona, kar ki ja da Maman, tsoro take ji. Ki bar ni da addu'a."

Wata Talata da safe hawan jini ya kayar da Hajiya a tsakar gida. Daga asibiti Jidda ta rubuta masa: "Chéri, masoyina, Maman ta faɗi, ba ta magana. Ina jin tsoro."

Ta ga alamar ya karanta, amma bai amsa ba. Ta kira sau biyar, waya a kashe. Ta zauna a benci tana kuka, tana cewa a ranta ashe gaskiyar Maman ce, na nesa na nesa ne.

Ana kiran azahar ta ji an ce, "Jiddona."

Sa'ad ne, da rigar aiki, gumi ya jiƙa shi.

"Ana shirin rufe ƙofar jirgi na ga saƙonki. Kujera ɗaya ta rage, gudu na yi. Yi haƙuri, ban samu na amsa ba."

Ta gyaɗa kai tana share hawaye.

Da la'asar Hajiya ta buɗe ido, likita ya ce hatsarin ya wuce. Ta daɗe tana kallon Sa'ad.

"Kai ba kana Korhogo ba?"

"Can na karya kumallo, Maman."

Ta lumshe ido, ta sauke numfashi. "To, ka turo manyanka."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a Treichville. Hajiya ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Sa'ad, ga amana. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai irinka."

Duk ɗakin aka amsa da amin.