Takun Mak Cik Rohaya

Suriani ta fara ganin Izwan ne a ƙasan wani dogon bene da ke unguwar Bedok, ranar Asabar ɗin da cibiyar bincikensu ta jera tebura don duba agogunan tsofaffi. Ita dai ba shi ta zo gani ba, lamba 417 ta zo gani.

Wata shida ke nan tana zaune gaban kwamfuta tana karanta abin da agogunan ke aikowa, wato takun da kowane tsoho mai hawan jini ya yi a rana da bugun zuciyarsa. A cikin mutum dubu biyu babu kamar 417. Mace ce mai shekara sittin da takwas, tana taku dubu goma sha takwas kullum, tana hawa matakala kamar ana bin ta, zuciyarta kuwa ko gezau. Har ƙungiyar unguwa ta manna hotonta a allon sanarwa.

Da aka kira lambar, sai ga wata dattijuwa ta fito daga lif tana jan ƙafa, sau biyu tana tsayawa ta maida numfashi kafin ta iso. Saurayin da ke riƙe da jakarta dogo ne, rana ta ƙona shi, sai dai a tsintsiyar hannunsa na hagu akwai wani zane mai haske daidai faɗin maɗaurin agogo.

Suriani ta dubi zanen, ta dubi fuskarsa. Ya ga ta gani, ya tura hannun cikin aljihu.

"Mak Cik Rohaya, sannu da ƙoƙari. Jiya bene hawa nawa kika hau?" in ji Suriani. Mak Cik ake kiran dattijuwa a nan, kamar a ce goggo.

"Ni nake ƙirgawa? Ai aikin agogon ke nan," in ji dattijuwar, ta wuce wajen auna jini.

Suriani ta juya ga saurayin. "Wane aiki kake yi?"

"Duba sauro. Gida-gida nake bi ina leƙa tukwanen furanni da magudanai."

"Shi ya sa. Na ce wace tsohuwa ce ke gama bene ashirin kafin azahar."

Ya fara dariya, sai kuma ya haɗiye ta. Ya ce sunansa Izwan, shi ne ɗanta tilo. Tun da mahaifinsa ya shiga asibiti bai fito da rai ba, Mak, wato mahaifiyarsa, ba ta son duk abin da zai kai ƙararta wurin likita. Idan takunta ya yi ƙasa ana bugo mata waya, shi kuma bai iya ce mata a'a ba.

"To ka sani," Suriani ta ce tana gyara takardu, "idan zuciyarta ta samu matsala, agogon ne zai fara gaya mana. Wata shida kai muke gadi, ita babu mai kallonta. Ka mayar mata yau. In ba haka ba, dole in rubuta."

Ya yi alkawari, sannan ya nemi lambarta don ya shaida mata ya cika. Akwai lambar ofis a jikin kowace takarda da ke kan teburin, amma ta wayarta ta ba shi.

Da la'asar saƙo ya shigo. "Na ɗaura mata da kaina. Hannuna ya zama maraya."

Ta amsa, "Ka saya masa wani. Wannan na gwamnati ne."

"Ba a sayar da irin wanda kike karantawa."

Ta daɗe tana kallon wannan kafin ta aje wayar, don ya shige ta fiye da yadda ta so.

Daga nan suka fara haɗuwa da rana a rumfar masu abinci da ke kusa da ofishinta. Shi yakan riga ta zuwa ya aje ƙunshin tishu a kujeru biyu, alamar an kama wurin, ya bi layin shinkafa da kaza. Ita mai lissafi ce, komai sai ta ga hujja. Shi kuwa ko kofin shayi ya gani da ragowar ruwa sai ya kife shi. Cikin mako uku ta koma kiransa Abang, wato yaya, shi yana ce mata Sayang, wato masoyiya, kuma ta sanar da shugabarta cewa tana tare da ɗan wata da ke cikin binciken. Aka ce ta miƙa fayil ɗin 417 ga wani.

Kafin ta miƙa ta buɗe shi, abin da ta yi ta kauce wa tun ranar Asabar ɗin. Taku dubu goma sha bakwai. Dubu goma sha shida. Dubu goma sha takwas. Babu ranar da aka samu ragi.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta yi kuka ba. Ta rubuta rahoto cewa ba mai agogon ke ɗaura shi ba, sannan ta aika masa saƙo. "Ka dubi idona ka yi min ƙarya. Na rubuta."

"Wallahi tun ranar ban sake taɓa shi ba, Sayang."

"Lamba ba ta ƙarya."



Takarda ta isa gidan Mak Cik Rohaya cewa ko ta zo a duba ta, ko a cire ta daga shirin. Magana ta zaga unguwa, aka cire hoton daga allo, ƙawayenta na wajen karatun safiyar Lahadi suka riƙa tambayarta yau bene nawa. Ta rantse muddin tana numfashi ɗanta ba zai auri yarinyar da ta tona mata asiri ba. Da ma tana da wadda take so, Haslinda, 'yar maƙwabciyarsu mai aiki a gidan abinci, wadda ke kawo mata miya kuma ba ta taɓa musa mata ba.

Kwana goma Suriani tana cin abinci a teburin ofis. Ranar sha ɗaya tana share kwafin rahoton daga kwamfutarta sai idonta ya sauka a layin da ba ta duba ba saboda fushi. A makonni ukun nan takun na nan da yawansa, amma babu hawan matakala ko ɗaya. Mai agogon yana ta kai da komo ne a wuri guda, kuma zuciyarsa ta fi ta watannin baya saurin bugu. Izwan ba ya wuni bai hau bene ba. Ta rufe kwamfutar, kunya ta kama ta.

Ranar Asabar ta sayi lemo da ayaba ta hau hawa na tara, gidan su Izwan. Wata budurwa ce ta buɗe ƙofa, da kwanon miya a hannu, kuma a tsintsiyar wannan hannun akwai zane mai haske.

"Ke ce Haslinda."

Budurwar ta ja hannun riga ta rufe. "Mak Cik ce ta roƙe ni. Ta ce taimako ne."

Izwan na tsaye a bakin kicin. Ya dubi Haslinda, ya dubi uwarsa. Kullum da safe yakan ga agogon a hannun Mak kafin ya fita, bai san yana fita ake sauya masa hannu ba. Haslinda ta aje kwanon ta sulale.

"Abang, na zalunce ka. Ka yafe min," Suriani ta ce.

"Kin ce lamba ba ta ƙarya."

"Ba ta yi ba. Ni ce ban karanta ta duka ba."

Mak Cik Rohaya na zaune a kujera ta harɗe hannu. "To 'yar sanda, kin zo kama ni ne?"

Suriani ta durƙusa ta kai hannun dattijuwar goshinta, alamar girmamawa, sannan ta ce, "Mak Cik, an raba ni da fayil ɗinki, ba ni da ikon komai a kanki. Ki hana ni ɗanki idan kin so. Amma na ga kin tsaya sau biyu tsakanin lif da tebur. Ki ɗaura shi wata ɗaya. Idan babu komai, ni zan mayar da hotonki allo da hannuna."

"Idan kuma akwai?"

"Gara mu ji daga agogo da mu ji daga motar asibiti."

Dattijuwar ta dubi hoton mijinta a bango. "Shi ma da ƙafarsa ya tafi asibitin," ta ce a hankali.

"Mak," in ji Izwan, "Ayah, mahaifina, ya tafi ne bayan ya ɓoye mana shekara biyu. Ni ba zan sake taya kowa ɓoyewa ba."

Wannan ne karo na farko da ya ce mata a'a, kuma ta ji shi. Ta miƙo hannu. "Kawo. Don in ƙaryata ku zan ɗaura."

Kwana tara ta yi da shi. Takunta bai kai dubu ɗaya a rana ba. A rana ta tara da hantsi ma'aikaciyar jinya ta bugo ta ce bugun zuciyar yana tsalle, su zo yanzu. Likita ya ce irin bugun nan ne ke kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma an kama shi da wuri. Ta kwana uku a asibiti, ta fito da ƙafarta da ƙunshin magani.

Ba ta nemi gafarar kowa ba, ba halinta ba ne. Abin da ta yi kawai, da ta ga Izwan yana zuba abinci, ta ce, "Yarinyar nan mai taurin kai tana cin yaji kuwa?"

Da yamma saƙo ya shigo wayar Suriani. "Sayang, an buɗe neman sababbin gidaje a unguwar Tampines. Mu cika fom tare?"

A garin nan duk wanda ya tambayi mace haka an san aure yake nufi. Ta amsa, "Hawa na nawa?"

"Wanda kika zaɓa. Na saba."

"Kusa da Mak. Na yarda, Abang."

An yi bikin a ƙasan benen da suka fara haɗuwa, an yi wa ginshiƙai ado da farin yadi, tukwanen shinkafa na turiri a gefe. Haslinda ma ta zo, ta taya raba abinci. Da aka zaunar da ango da amarya a kan kujerun ado, Mak Cik Rohaya ta fito daga lif, ta ture hannun da aka miƙa mata, ta tako har gabansu ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Ta yayyafa musu ruwan fure, sannan ta ɗaga hannu ta nuna wa amarya fuskar agogon.

"Karanta min, ba na gani sosai."

"Ɗari biyu da sha huɗu, Mak."

"Ki rubuta. Nawa ne duka." Ta dafa kawunansu. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su gaya muku gaskiya ko ba ku so."

Jama'a suka ce amin. Suriani ta riƙe hannun surukarta, ta ji bugun yana tafiya daidai a ƙarƙashin yatsunta, sai a lokacin ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.