Mai Murza Sitiyari

Dab da magariba Hajj Miftah, mai jigilar tumaki, ya kawo babbar a-kori-kurarsa garejina a Sabha, kudancin Libya. Ya ce tun ranar da ya tsaya a wata tsohuwar rijiya ya ƙara wa lagireto ruwa, sitiyari ke fizgewa a hannunsa kamar ana kokawa da shi.

Na shiga ramin duba mota, ya hau da motar bisa kaina har ta rufe matakalar fita. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya yana murza sitiyari a sama, ɗaya yana lalube a ƙasa.

"Hajj, hagu da dama, a hankali."

"To, Usta," aka amsa daga sama. Haka ake kiran babban bakanike a nan.

Tayoyin gaba suka fara juyawa hagu da dama. Na bi ƙarafan da hannu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi sako-sako, mai ma ba ya zuba. Sai wani ruwa mai sanyi ya ɗigo mini a ƙeya, yana warin laka.

"Ya isa, Hajj. Ja baya in fito."

Tayoyin ba su tsaya ba. Wayata ta yi ƙara a aljihu, na ɗauka.

"Usta, ka yi haƙuri," in ji Hajj Miftah, ana tada iƙama a bayansa. "Ina ajiye motar na kulle ta na taho masallaci. Makullin na wurina."

Tayoyin suka tsaya cak. Daga sama, da muryar Hajj ɗin sak, aka ce:

"In ci gaba, Usta?"